Babi na Shida: Jinin da Ke Zuba Cikin Ƙoƙon Kai

A ƙasar Ƙetare, da sauran garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, idan magidanci ya faɗi ba zato ba tsammani, bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa na ɓari guda suka saki, harshe ya yi nauyi har ba a gane abin da yake faɗa, maganar da za ka fara ji daga bakin jama'ar da ta taru a zaure ita ce, "Ai lafiyarsa ƙalau, tare muka yi Asuba." Maganar gaskiya ce ta fuskar abin da ido ya gani, kuma daga gare ta ne sauran fassarori suke tsirowa, wani ya ce iska ce ta buge shi, wani ya ce jifa ne, wani kuma ya tuno rigimar gonar da aka yi bara; gama hankalin ɗan Adam ba ya yarda babban al'amari ya auku ba da babban sababi ba, in kuwa bai ga sababin a sarari ba, sai ya neme shi a ɓoye. To, lalle a ɓoye sababin yake, amma cikin ƙoƙon kan mutumin yake, kuma galibi ya shekara goma ko ashirin yana aikinsa kafin wannan safiya.

Abin da muke kira shanyewar ɓarin jiki gida biyu ne, alhali kuwa a ido kamanninsu ɗaya. Na farko, jijiyar da ke kai jini wani yanki na ƙwaƙwalwa ta toshe, yankin ya rasa abincinsa, ya mutu. Na biyu, wanda shi ne mas'alar wannan babi, jijiyar ta fashe, jini ya fita daga hanyar da Allah ya tsara masa, ya kwarara cikin naman ƙwaƙwalwa, ya yaga abin da ya tarar, ya taru ya zama guda, gudan kuma ya riƙa danne abin da ke kewaye da shi. Da yake ƙoƙon kan baligi ƙashi ne rufaffe wanda ba ya buɗawa, kuma ƙwaƙwalwa da ruwanta da jininta sun riga sun cika shi, duk abin da ya ƙaru a ciki sai dai ya samu wuri ta hanyar matse wani. Jinin da bai fi cikin babban cokali biyu ba, wato mililita 30, wanda in a hannu ya zuba ba wanda zai tashi hankalinsa, a cikin kai ya isa ya sa likita ya kira dangi gefe. Ƙididdigar da aka tattara daga ƙasashe da yawa ta nuna cewa wajen mutum 40 cikin 100 na masu wannan larura ba sa kaiwa ƙarshen watan farko.

Magabata sun san ciwon, ko da yake ba su ga cikinsa ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a Hamadan a 1037, ya yi bayanin sakta da falij a littafinsa Alƙanun, ya kuma ambaci nau'in da rinjayen jini ke haddasawa. Amma ɗabiban wancan zamani da ƙiyasi suke aiki, don ba su buɗe kan mamaci. Sai a 1658 wani likitan ƙasar Suwizalan, Johann Jakob Wepfer, ya wallafa abin da ya gani da idonsa bayan ya buɗe kawunan mutanen da suka faɗi suka mutu: gudan jini kwance a ƙwaƙwalwa. Bayan shekara 210, a 1868, Charcot da Bouchard a birnin Paris suka bi diddigin ƙananan jijiyoyin da jinin ke fitowa daga cikinsu, suka bayyana 'yan kumbure-kumburen da suka gani a jikinsu.

Waɗannan ƙananan jijiyoyi su ne asalin zancen, kuma ya kamata mu tsaya a kansu. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jiki ke amfani da ita, saboda haka manyan jijiyoyi huɗu ne ke hawo mata da jini ta wuya, biyu ta gaba, biyu ta baya. A ƙarƙashinta waɗannan suna haɗuwa, daga jikinsu kuma waɗansu 'yan sirara, waɗanda kaurinsu bai kai rabin milimita ba, suke tsirowa kai tsaye su nutsa can tsakiya, inda hanyoyin motsi da ji na jiki duka suke wucewa a matse. Manomin rani da ke ban-ruwa a fadama ya san abin da ke faruwa in aka ɗaura siririn tiyo a bakin inji mai ƙarfi: ranar farko ba abin da zai same shi, wata na farko ma haka, amma yau da gobe robar tana yin tauri, tana tsattsagewa a hankali, har ranar da za ta ɓarke, mai lambu kuma ya ce ai jiya lafiya lau take. Haka hawan jini yake yi wa waɗannan jijiyoyi. Shi ya sa jinin da hawan jini ya zubar yake da wuraren da aka san shi da su: can tsakiyar ƙwaƙwalwa, da gindinta inda numfashi da farkawa suke, da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, wadda ke riƙe da daidaiton tsayuwa da tafiya. Kuma da yake hanyoyin suna gicciye juna kafin su sauka jiki, jinin da ya zuba a dama ɓarin hagu yake kashewa, na hagu kuma ya kashe dama, ya haɗa da magana a mafi yawan mutane.

Wannan mas'ala ta fi shafarmu fiye da Turawa, kuma da hujja nake faɗa. A Turai da Amurka, cikin masu shanyewar ɓarin jiki, waɗanda nasu na fashewar jijiya ne ba su wuce 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Amma babban binciken nan mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da abokan aikinsa suka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya duba marasa lafiya 2,118, kowannensu an ɗauki hoton kansa, aka wallafa sakamakon a 2018: kashi 32 cikin 100 nasu zubar jini ne. Kusan ɗaya ke nan cikin uku. Da suka koma kan masu zubar jinin su kaɗai, sai suka tarar cewa wajen takwas cikin goma hawan jini ne musabbabinsu. Sauran abubuwan da binciken ya lissafa duk a gidajenmu suke: ƙara gishiri a kan abinci, ƙarancin cin ganye, ciwon suga, tumbi, taba, rashin motsa jiki, da damuwa.

Illar hawan jini ita ce ba ya ciwo. Kusan ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya suna ɗauke da shi, mafi yawansu kuwa ba su sani ba, domin ba a sanin sa sai da awo, awon da ya kai 140 bisa 90 ya tsaya a nan ko ya wuce. Wanda ma ya sani, sau da yawa yakan sha magani wata guda, ya ji daidai, ya ce ya warke, ya ajiye. Ko kuɗi su yanke, ko wani ya gaya masa cewa maganin Bature in aka saba da shi ba a rabuwa. Gaskiya ne ba a rabuwa, amma dalilin shi ne ciwon bai tafi ba, danne shi maganin yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba; mai karatu ya lissafa da kansa gishirin miya, da dunƙule uku ko huɗu da aka marmasa a tukunya, da kanwa, da yajin tsire. Kada kuma a ɗauka ciwon talaka ne. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt, duk da likitocin da ke kula da shi, ya yi kukan matsanancin ciwon kai a ƙeya ranar 12 ga Afrilu 1945, ya suma, ya mutu a yinin, jininsa ya haura 300. A zamaninsa babu ƙwayoyin da yanzu ake samu a kemis ɗin ƙauye.

Mata suna da nasu babin a ciki, wanda ya fi ba ni tausayi. Mai ciki da ƙafafunta da fuskarta suka kumbura, kanta ke sarawa, idonta ke ganin walƙiya, tana bakin jijjiga ne, zubar jini a ƙwaƙwalwa kuwa yana cikin manyan hanyoyin da jijjiga ke kashe mace. Haɗarin kuma ba ya ƙarewa da haihuwa, yana bin ta cikin makonnin jego. Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka nuna alaƙar kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar masu jego a wannan yanki namu. Kanwa gishiri ce, kuma macen da jininta ya riga ya hau, in aka yi ta ɗura mata kunun kanwa kwana arba'in, da niyyar alheri ake ƙara mata nauyi.

Akwai sababin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa ya zama wajibi mu san shi, wato saran maciji. Dafin kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, har mutum ya wayi gari jininsa ya zama ruwa, dasashi na zuba, tsohon miki na zuba, wani lokaci kuma ya zuba a kai kwanaki bayan saran, sa'ad da kowa ya ɗauka an tsira. David Warrell da abokansa, suna aiki daga Zariya, sun wallafa bayanin mutum 115 da wannan maciji ya sara a 1977, kuma cikin waɗanda suka mutu akwai waɗanda jinin cikin kai ya kashe. Daga aikinsu aka samu gwajin da har yau ake yi a Kaltungo da sauran wurare: a ɗebi jini kaɗan, a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye ba a taɓa ba minti 20, sa'an nan a karkata ta. In ya tsaya guda, alhamdu lillahi. In ya gangaro, dafi na aiki, sai maganin dafi.

Sauran sababan zan ambace su a taƙaice. Magungunan tsinka jini da ake ba masu ciwon zuciya, irin su wafarin, in suka yi yawa, ciwon hanta da ya ci ƙarfi, domin hanta ce ke ƙera sinadaran daskarar da jini, ciwon ƙoda, giya da miyagun ƙwayoyi, sikila, wadda a yara toshewa ta fi kawowa amma a 'yan shekara 20 zuwa 29 takan kawo fashewa, cukurkuɗaɗɗun jijiyoyi da aka haifi mutum da su, waɗanda su ake fara zargi in saurayi ko budurwa ne suka faɗi, ƙari a ƙwaƙwalwa, da raunin jijiyoyin da tsufa ke kawowa. Sai buguwa, wadda babur ya yawaita mana. A nan akwai tarko biyu. Saurayi ya faɗi, ya bugu a gefen kai, ya suma kaɗan, ya tashi yana magana har ya koma gida, bayan 'yan sa'o'i barci ya ɗauke shi, a kasa tashinsa, saboda jini yana taruwa tsakanin ƙashi da fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa. Wannan kuwa aikin tiyata na ceton sa sarai in an kai shi da wuri. Tsoho kuma ya yi tuntuɓe ya bugi bakin ƙofa, kowa ya manta, bayan mako uku ko wata biyu ya fara ruɗewa yana jan ƙafa, a ce ai tsufa ne, alhali tsohon jini ne kwance a kansa wanda ƙaramin huji a ƙashi zai fitar.

To, yaya ake ganewa? Akwai alamomin da ke karkata zato zuwa ga zubar jini: ciwon ya zo mutum na farke, yana aiki ko yana cikin fushi, ciwon kai mai tsanani, amai, farfaɗiya, hankali yana dusashewa cikin mintoci ko sa'o'i, jini ya hau ƙwarai. Likitan da ya san aikinsa zai fara da tsinken yatsa ya auna suga, don ƙarancin suga yana kwaikwayon shanyewar jiki, kuma ruwan suga a jijiya yana tashin mai shi nan take. Sa'an nan ya kira sunan majinyacin ya ga ko zai buɗe ido, ya ce masa ya matse hannunsa, in bai amsa ba ya danna farcensa ya ga ko zai janye. Daga buɗe ido da magana da motsi yake haɗa makin da Teasdale da Jennett suka fara tsarawa a Glasgow a 1974, wanda yanzu ake ƙidaya shi daga 3 zuwa 15. Ya ɗaga fatar ido ya haska tocila: in baƙin ido ɗaya ya buɗe ya ƙi tsukewa, ƙwaƙwalwa ta fara turuwa daga mazauninta, lokaci ya ƙure. Ya tallafi ƙeya ya gwada sunkuyar da kai. In wuya ya sanƙare, sai mas'ala ta rabu biyu, musamman a bazara, gama mu a yankin sanƙarau muke, kuma ba a manta da annobar 1996 da ta 2017 ba. Amma jinin da ya zuba cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, sa'ad da kumburin babbar jijiya ya fashe, shi ma yana sanƙarar da wuya. Bambancin yana cikin labari: sanƙarau da zazzaɓi yake tahowa, wannan kuwa ciwon kai ne da ke kai maƙura cikin minti guda, mai shi ya ce bai taɓa jin irinsa ba.

Duk wannan, in an haɗa shi, zanni ne mai ƙarfi, bai kai yaƙini ba. Likitocin asibitin Siriraj a Bankok sun tsara wani lissafi a 1991 don rarrabe toshewa da fashewa ta alamomi kaɗai, saboda wuraren da babu na'urar hoton kai, an kuma gwada shi a asibitocin Nijeriya, aka ga yana kuskure da yawan da ba za a ɗora hukuncin magani a kansa ba. Ƙaramin jini yana zuwa ba ciwon kai, babbar toshewa kuma tana zuwa da suma. Muhimmancin rarrabewar shi ne magungunan kishiyoyin juna ne: mai toshewa ana ba shi asfirin ko abin da zai narkar da gudan, mai fashewa kuwa wannan maganin ƙara masa zuba zai yi. Saboda haka ina roƙon masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitoci, don girman Allah, kada a miƙa wa wanda jikinsa ya shanye asfirin kafin a ga cikin kansa.

Ganin cikin kai kuwa ya samu ne ranar 1 ga Oktoba 1971, sa'ad da aka sa wata mata cikin na'urar da injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan. Wannan aiki ne ya sa aka ba Hounsfield kyautar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Na'urar, wadda ake kira siti-sikan, tana kewaya kai da hasken hoton ƙashi, kwamfuta kuma ta fitar da shi yanka-yanka, cikin 'yan mintoci, ba ciwo. A hoton, ƙashi fari ne tas, ƙwaƙwalwa toka-toka, ruwanta baƙi, sabon jini kuwa fari ne kwance a inda bai kamata a ga fari ba, har wanda bai yi karatun likita ba zai nuna shi da yatsa. Daga nan likita zai auna tsawon gudan da faɗinsa da zurfinsa, ya ninka su, ya raba biyu, ya san yawansa. Ya duba ko ya ɓalle cikin kogunan ruwan ƙwaƙwalwa, ko ya ture layin tsakiya gefe. Wurin da jinin yake shi ma shaida ne: na can tsakiya a mai shekara 55 da hawan jini ya faɗi sababinsa da kansa, na kusa da saman ƙwaƙwalwa a matashi kuwa yana bukatar a zuba rini a jijiya a sake hoto, ko a shiga na'urar maganaɗisu, a nemi abin da ya fashe. Na ƙeya da ya wuce santimita 3, wanda ke zuwa da jiri da amai da kasa tsayuwa ko da hannu da ƙafa na motsi, likitan tiyata ake kira masa ba jinkiri.

A nan ne zancen ya dawo gida, ya yi nauyi. Mutumin Ƙetare ko Sabuwa da ya faɗi, asibitin gwamnati na Ƙanƙara ko Malumfashi ko Funtuwa ne tasharsa ta farko, hoton kai da likitan ƙwaƙwalwa kuwa sai an dangana da manyan asibitocin Katsina ko Shika ta Zariya ko Kano, tafiyar sa'o'i, da kuɗin mota, da kuɗin hoto. Alhali bincike ya nuna cewa a wajen kashi ɗaya cikin uku na majinyata gudan yana ci gaba da girma cikin sa'o'in farko, sa'o'in da saukar da jini da gyara daskarewarsa suka fi amfani. Ga kuma rashin tsaro da ya sa mota ba ta fita bayan Magariba a hanyoyi da yawa, har a Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na ciki, wanda ya faɗi da dare a lokacin ba a iya ko kiran direba. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma, kuma hakkin jama'a ne su yi ta tambaya har a kusanto musu da na'ura da motar asibiti.

Amma akwai sa'o'in da mu da kanmu muke ɓatarwa. A kira malam, a jira babban wa ya zo daga kasuwa, a gwada turare, a gwada ƙaho, a ce bari a ga abin da gari zai waya da shi. Ba na hana addu'a, kuma malamanmu sun tabbatar cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Tofi ana yin sa a cikin mota. Abin da nake hanawa shi ne ɗura rubutu ko ruwa ko kunu a bakin wanda hankalinsa ya gushe, domin maƙogwaronsa ya shanye tare da hannunsa, abin da aka ɗura huhu yake tafiya, kuma ciwon huhun da ke biyo baya yana kashe mutane da yawa da jinin kansa bai kashe ba. A kwantar da shi a gefe, a ɗan ɗaga kansa, a kwance masa wuyan riga. Wanda zai raka shi ya zama wanda ya ga faɗuwar, ya riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, ko da da sallah zai ƙiyasta, kafin Azahar ne ko bayanta. A zuba duk magungunan da yake sha a leda, na asibiti da na gargajiya, a tafi da su. A kuma gaya wa likita, ko bai tambaya ba, in akwai faɗuwa ko saran maciji ko haihuwa a makonnin baya. Abin da ake yi wa majinyaci bayan hoto ya fito, da yadda ake jinyarsa a gida in Allah ya tashi kafaɗarsa, shi ne zancen babi na gaba.